Daga Bagadaza Zuwa Allon Ajinmu: Tarihin Neman Ɓoyayyen Adadi

Da farko ina miƙa godiyata ga Edita da 'yan kwamitinsa da suka ba ni fili a wannan fitowa ta mujallarmu. Lokacin da Edita ya nemi in rubuto wani abu, cewa ya yi in taɓo tarihi, tun da shi na karanta a jami'a. Da na ce masa tarihin lissafi zan rubuta sai ya tuntsire da dariya, domin kuwa benci ɗaya muka zauna daga aji ɗaya har muka fita, ya san irin makin da nake kwasa a wannan darasi. To, ga dalilina.

ABIN DA YA JAWO WANNAN RUBUTU

Shekara uku da suka wuce mijin gwaggona ya rasu, ya bar bashin naira 900,000. Magada suka yarda a sayar da wani ɗan fili da ya bari a bayan gari a biya bashin kafin a raba sauran gado. Dillali ya ce la'adarsa kashi ɗaya ce cikin goma na duk abin da aka sayar. Gwaggo ta aika aka kira ni, ta ce, “Ɗan nan, kai ne mai boko, kai ne ma'aikacin gwamnati. Nawa za mu yanke wa filin nan don in dillali ya ɗauki nasa a samu kuɗin mutane cif?”

Ko takarda ban nema ba. Na ce ushirin 900,000 ai 90,000 ne, a ɗora a kai, a sayar 990,000. Haka kuwa aka yi. Ranar biya, a zaure, gaban mai bin bashi da dattawan unguwa, dillali ya ƙirga ushirinsa daga kuɗin da aka sayar, wato 99,000, ya miƙo 891,000. Naira 9,000 ta yi giɓi. Na cika daga aljihuna, amma har yau ina tuna kallon da Gwaggo ta yi mini, da kuma abin da ta faɗa bayan baƙi sun watse: “Ashe digirin naka bai kai nan ba.”

Da dare na zauna da biro, sai na ga inda na yi tuntuɓe. Farashin da nake nema ya fito sau biyu a cikin maganar: sau ɗaya a matsayin kuɗin fili, sau ɗaya kuma a cikin la'adar dillali, tun da la'adar daga jikin farashin ake yankarta. In an kira farashin x, sai a rubuta x − x/10 = 900,000. In aka haɗa su wuri ɗaya, kashi tara cikin goma na x shi ne 900,000, saboda haka x naira miliyan ɗaya ne. Aikin 'yan aji biyu ke nan. Nan take na tuna da malaminmu na lissafi, wanda ba zan rubuta laƙabin da muka sa masa ba, 'yan zamaninmu sun san shi. Kullum yana bugun allo yana cewa a fara tattara masu kama da juna waje ɗaya. Mun haddace maganar, amma ban taɓa tambayar daga ina ta fito ba. Kunyar da na sha a zauren nan ita ta sa na shiga bincike, ga kuma abin da na samo.

MASARAWA DA DABARAR CINTA

Ɗaya daga cikin tsofaffin rubuce-rubucen da ke ɗauke da irin wannan tambaya a Masar aka yi shi. Wani magatakarda mai suna Ahmes ne ya kwafe shi wajen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), a kan takardar da suke yi da wata ciyawar bakin Kogin Nilu, ya kuma bayyana cewa daga wani rubutu da ya girme shi ya ɗauko. Wani mutumin Sikotilan, Alexander Henry Rhind, ya saye shi a garin Luksor a 1858, daga baya aka ajiye shi a Gidan Tarihi na Birtaniya da ke Landan. Akwai tambayoyi tamanin da 'yan kai a cikinsa, yawancinsu a kan rabon burodi da awon hatsi da filaye.

Tambaya ta 26 tana neman adadin da in aka haɗa shi da rubu'insa zai ba da 15. Mai karatu zai lura cewa abin da ake nema ya fito sau biyu, kamar dai matsalar Gwaggo. Magatakardan bai haɗa su wuri ɗaya ba, cinta ya yi. Ya ɗauki 4, saboda tana da sauƙin rabawa huɗu. Huɗu da rubu'inta biyar ke nan. Biyar kuwa sau uku take shiga cikin 15. Saboda haka sai ya ninka cintarsa sau uku, ya sami 12, ya kuma gwada ya ga 12 da 3 sun ba da 15.

Da na san wannan dabara a zauren Gwaggo da ta fisshe ni. In ce an sayar da fili naira goma, dillali ya ɗauki ɗaya, saura tara. Tara sau 100,000 take shiga cikin 900,000. Goma sau 100,000 kuwa miliyan ɗaya. Sai dai dabarar tana da iyaka. Tana aiki ne kawai in komai na tambayar yana ƙaruwa tare da cintar daidai wa daida. Da zarar an sa wani tsayayyen adadi a gefen abin da ake nema, sai ta ba da amsar banza. Mutanen Sin sun faɗaɗa ta a cikin tsohon littafinsu na lissafi mai babi tara, inda ake yin cinta biyu, ɗaya ta zarce ɗaya ta gaza, sa'an nan a fitar da amsa daga kuskuren biyun. Larabawa ma sun yi amfani da ita, suna kiranta hisabul khaɗa'aini, wato lissafin kuskure biyu.

ISKANDARIYA DA INDIYA

Wajen ƙarni na uku Miladiyya an yi wani masani a Iskandariya mai suna Diyofantus, wanda ya rubuta littafin lissafi mai kashi goma sha uku da Girkanci. Shida sun tsira a harshen asali, huɗu kuma an gano fassararsu ta Larabci a birnin Mashhad na Iran a 1968. A gabatarwar littafin ya shawarci ɗalibi da ya ƙara abin da ya gaza a ɓangarorin biyu, ya kuma cire masu kama da juna daga kowane ɓangare, har sai iri ɗaya ya rage nan, iri ɗaya can. Ashe maganar malaminmu ta haura shekara dubu da ɗari bakwai. Amma Diyofantus a taƙaice ya faɗe ta ya wuce, hankalinsa yana kan tambayoyi masu wuya na lambobi.

A Indiya kuma, a shekarar 628, Brahmagupta ya rubuta ƙa'idojin aiki da sifiri da lambobin da ke ƙasa da sifiri. Waɗanda ke sama ya kira su dukiya, na ƙasa kuma bashi, ya bayyana abin da ke faruwa in an haɗa su ko an ninka su. Duk wanda ya taɓa karɓar albashi alhali bashin da ake binsa ya fi albashin ya san abin da ake nufi.

AL-KHAWARIZMI DA LITTAFINSA

Wanda ya mayar da wannan aiki fanni mai zaman kansa, da suna da tsari, shi ne Muhammadu ɗan Musa Al-Khawarizmi. Nasabarsa tana komawa ga yankin Khawarizm, kudu da Tekun Aral, inda ƙasashen Uzbekistan da Turkmenistan suke a yau. Ya yi aiki a Bagadaza a zamanin Halifa Ma'amun, wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833, kuma wajen shekarar 820 ya rubuta littafinsa Al-Kitabul Mukhtasar fi Hisabil Jabri wal Muƙabala. A gabatarwa ya bayyana cewa ya yi shi ne don bukatun mutane na yau da kullum, irin su gado da wasiyya da shari'u da ciniki da awon ƙasa da haƙar hanyoyin ruwa.

Kalmomi biyun nan na sunan littafin ba baƙi ba ne a kunnen Bahaushe. Jabru asalinsa ɗori ne, wato mayar da karyayyen ƙashi yadda yake. Duk wanda ya yi karatun fiƙihu a zaure ya ji batun shafa a kan jabira a babin alwala, to tushensu ɗaya. Har a ƙasar Sifen an daɗe ana kiran mai ɗori da suna aljebrista. Muƙabala kuwa mun san ta, a zaunar da malamai biyu fuska da fuska kowa ya kawo hujjarsa.

Ga yadda suke aiki. A ce kwando biyar na mangwaro, an ɗebe guda 40 daga ciki, sun yi daidai da kwando biyu da ƙarin guda 110, kuma duk kwandunan cikarsu ɗaya. Guda nawa ne a kwando? A idon Al-Khawarizmi ɓangaren farko yana da nakasa, an gutsure masa 40. Sai a yi masa ɗori, a mayar masa da 40 ɗinsa, a kuma ƙara 40 a ɗaya ɓangaren don kada sikeli ya karkata. Yanzu kwando biyar sun yi daidai da kwando biyu da guda 150. Wannan shi ne jabru. Sa'an nan a jera ɓangarorin suna kallon juna, a ga akwai kwando biyu nan akwai can, a ɗauke su daga duka biyun. Saura kwando uku daidai da 150, kowane kwando 50. Wannan ita ce muƙabala. A rubutun yau 5x − 40 = 2x + 110 ke nan, irin wadda dabarar cinta ɗaya ta Masarawa ba za ta iya warwarewa ba.

Abin mamaki, babu alama ko ɗaya a cikin littafin. Babu x, babu alamar ƙari ko ragi, lambobin ma da kalmomi ya rubuta su. Abin da ake nema yana kiransa shai'un, wato abu, ko jizru, wato saiwa. In an ninka shi da kansa sai ya kira shi malu, wato dukiya. Tsayayyun lambobi kuwa sau da yawa dirhami yake ce musu. Ya nuna cewa duk tambayar da ba ta wuce matakin malu ba, in an yi mata jabru da muƙabala, sai ta koma ɗaya daga cikin siffofi shida, kowace da hanyar warware ta. Muhimmancin littafin ke nan. Kafin shi kowace tambaya da dabararta, bayansa kuwa an sami hanya guda da za a koya wa ɗalibi ya tunkari tambayar da bai taɓa gani ba.

GADO DA BASHI

Kusan rabin littafin a kan wasiyya da gado yake, kuma a nan ne na ga matsala irin ta gidanmu. Tambaya ta farko a wannan sashe ta shafi wani mutum da ya rasu ya bar 'ya'ya maza biyu, ya yi wasiyya da sulusin dukiyarsa ga wani wanda ba magaji ba. Ya bar dirhami goma a hannu, yana kuma bin ɗaya daga cikin 'ya'yan bashin dirhami goma. Ɗan da ake bi ba zai kawo kuɗi ba, rabonsa ne za a cire daga bashin da ke kansa.

Mai karatu ya duba yadda maganar take zagayowa. Ba za a san rabon ɗan ba sai an san jimlar dukiyar da za a raba, ba kuma za a san jimlar ba sai an san nawa ne zai shigo daga bashin, wanda shi ne rabon ɗan. Kamar mai neman allurarsa ne da ke maƙale a rigar da yake sanye da ita. Al-Khawarizmi sai ya kira abin da zai shigo daga bashin da suna abu. Dukiya ta zama dirhami goma da abu. In aka fitar da sulusi na wasiyya aka raba saura biyu, kowane ɗa zai sami dirhami uku da sulusi, da kuma sulusin abu. Wannan rabo kuwa shi ne abun da kansa. Ga abu a dama, ga ɓangarensa a hagu. Sai a yi muƙabala, a cire sulusin abu daga kowane gefe, ya rage sulusi biyu na abu daidai da dirhami uku da sulusi. Abu ya zama biyar. Mai wasiyya ya ɗauki biyar a hannu, ɗan da ba a bin sa ya ɗauki biyar, wanda ake bi kuma a sauke masa biyar daga bashinsa.

Wannan ya nuna mana cewa darasin da muka ɗauka azabar firef ce kawai ya girma ne a wurin raba haƙƙin marayu da masu bin bashi, inda kuskuren dirhami ɗaya kan raba zumunci. Malaman fara'ili da ke raba gado a garuruwanmu da masu koyar da aljabara a makarantun boko, in aka bi salsala, sana'o'insu sun taɓa zama a littafi ɗaya.

HANYAR DA TA BI ZUWA TURAI

Bayan Al-Khawarizmi, Abu Kamil na Masar da Al-Karaji da Umar Khayyam, wanda ya rasu a 1131, sun ɗora a kan aikinsa. A Arewacin Afirka, Ibnul Yasamin, wanda ya rasu a 1204, ya tsara ƙa'idojin a waƙe don ɗalibai su haddace, kamar yadda ake yi wa nahawu da fiƙihu. A wannan yanki ne kuma aka fara taƙaita kalmomin zuwa haruffa. A rubutun Al-Ƙalasadi, mutumin Andalus da ya rasu a Tunisiya a 1486, harafin shin yana tsayawa a madadin shai'un, mim a madadin malu, lam kuma yana nuna daidaito.

Turawa sun sami littafin ta ƙasar Sifen. Robert na Chester ya fassara shi zuwa Latin a garin Segobiya a 1145, kuma daga kalmar aljabru ne sunan darasin ya fito a harsunansu. Sunan marubucin kansa, da suka rubuta Algoritmi, shi ya haifi kalmar algoridim da masu ilimin kwamfuta ke amfani da ita. Sai kuma Leonardo mutumin Pisa, wanda aka fi sani da Fibonaci. Mahaifinsa yana aiki a tashar jiragen ruwa ta Bijaya a Aljeriya ta yau, a nan yaron ya koyi lissafi da lambobin Indiya, ya kuma fitar da littafinsa Liber Abaci a 1202. 'Yan kasuwar Italiya suka rungumi ilimin, suna kiran abin da ake nema kosa, wato abu, fassarar shai'un kai tsaye.

Alamomin da muka sani a allo daga baya suka zo, ɗaya bayan ɗaya. Alamar ƙari da ta ragi sun fara fitowa a bugaggen littafi a 1489, a wani littafin lissafin ciniki na Johannes Widmann a Jamus. Layuka biyun nan na daidaito Robert Recorde, likita mutumin Wales, ya ƙirƙiro su a 1557, saboda ya gaji da maimaita kalmomin, kuma a ganinsa babu abubuwa biyu da suka kai layuka biyu masu tafiya kafaɗa da kafaɗa daidaito. A 1591 Bafaranshe François Viète ya sa wasula su tsaya a madadin abin da ba a sani ba, baƙaƙe kuma a madadin wanda aka sani. Sai a 1637 Rene Dekart ya zaɓi haruffan ƙarshe, x da y da z, don ɓoyayyun adadi, na farko kuma don sanannu, tsarin da muke bi har yau. Akwai labarin da ke yawo cewa x ɗin daga harafin shin ya samo asali ta hanyar Sifaniyanci. Labari ne mai daɗin ji, amma masana tarihin lissafi ba su sami rubutun da ya tabbatar da shi ba. Littafin na Al-Khawarizmi kuwa sai a 1831 Frederic Rosen ya fassara shi zuwa Ingilishi, daga wani kwafin hannu na 1342 da ke ajiye a Oksifod.

KAMMALAWA

Alamomi sun kawo sauri, amma sun zo da tasu illar. Da yawa daga cikinmu abin da muka riƙe shi ne wai in lamba ta tsallaka alamar daidaito sai ta sauya riga, ƙari ya koma ragi. Mun yi ta tsallakar da lambobi ba mu san dalili ba, shi ya sa da aka ba mu takardar shaida muka bar ilimin a ƙofar makaranta. A littafin Al-Khawarizmi babu abin da ke tsallakawa. Sikeli ne mai kwano biyu, abin da ka ƙara wa wannan ka ƙara wa wancan, abin da ka ɗebe nan ka ɗebe can. Wanda ya fahimci haka ko ya manta ƙa'ida zai iya sake gano ta da kansa.

Saboda haka ina kira ga ƙannenmu da ke makaranta, duk lokacin da kuka ga abin da ake nema ya fito fiye da sau ɗaya, kada ku yi gaggawa irin tawa. Ku ba shi suna, ku rubuta maganar yadda take, ku tattara shi waje ɗaya, sa'an nan ku mayar da amsar cikin tambayar ku gwada, kamar yadda Ahmes ya yi shekara dubu uku da ɗari biyar da suka wuce. Da na yi wannan gwaji na minti ɗaya, da na ga giɓin 9,000 tun kafin a kira dillali. Za ku haɗu da irin wannan lissafi a wurin la'ada da haraji da ribar ciniki da rabon gado, ko da kuwa tarihi ko Hausa kuka karanta a jami'a.

Ina kuma roƙon malamanmu na lissafi su riƙa ɗaukar ko da minti biyar su gaya wa yara cewa aljabara ɗori take nufi, su ba su labarin 'ya'ya biyu da dirhami goma. Ga 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai kuwa, ina ba da shawarar a taronmu na gaba mu duba yiwuwar sanya kyauta ta shekara-shekara ga ɗalibin da ya fi ƙwazo a lissafi a aji uku. Ni na yi alkawarin naira 9,000 ta farko, Edita ya rubuta ya ajiye.

Allah Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya ƙara wa waɗanda ke raye lafiya, Ya ɗaukaka makarantarmu. Wassalam.